Ɗana yana son shiga firataniti a Amurka: in biya masa kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana zangonsa na farko a wata babbar jami'a a Amurka, yana karanta injiniyanci da bizar ɗalibi. Ya bugo waya ya ce wata ƙungiyar ɗalibai maza da ake kira firataniti ta gayyace shi. Kuɗinta dala 1,400 ne kowane zango, kuma wai baɗi zai koma gidansu da zama. Ya ce ta nan ake samun hanyar aiki bayan an gama karatu. Mahaifiyarsa kuwa ta kafe a kan cewa ƙungiyar asiri ce, kada in kuskura. Shin wannan kuɗi haƙƙi ne a kaina kamar kuɗin makaranta? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba haƙƙi ba ne a kanka, kuma shawarata ita ce kada ka biya a wannan zangon. Firataniti ba sashen jami'a ba ce. Ƙungiya ce mai zaman kanta, da uwar ƙungiya a wani gari da rassa a jami'o'i daban-daban. Babu darasin da za a hana ɗanka, babu makin da za a rage masa, don bai shiga ba. Ko a jami'o'in da waɗannan ƙungiyoyi suka yi ƙarfi, akasari waɗanda ba sa ciki sun fi yawa.

Tsoron Hajiya yana da tushe, sai dai firataniti ta Amurka da ƙungiyoyin asiri na jami'o'in Najeriya ba abu ɗaya ba ne. A Najeriya, ƙungiyar Pyrates da ɗalibai bakwai suka kafa a Ibadan a 1952, cikinsu har da Wole Soyinka, da sunan zumunci ta fara. Daga baya wasu ƙungiyoyi suka ɓullo, irin su Black Axe a Benin a 1977, abin ya rikiɗe ya koma sara da harbi, har aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Yulin 1999. Na Amurka halattattu ne a doka. Suna da rajista, da ofis, da gidaje masu manyan haruffan Girkanci a jikin bango, kuma jami'a tana da ma'aikatan da ke sa musu ido. Ta farko, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776 a kwalejin William and Mary, ko da yake ita yanzu ta koma ta karrama masu hazaƙa. Na mata ana kiransu sororiti. Abin da ya rage na sirri shi ne bikin rantsarwa da wasu kalmomi da salon musabaha. Haɗarinsu yana wani wurin ne daban: giya da gwale-gwalen sababbin shiga. Zan zo kansu.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ka tambaya. Dala 1,400 sau zango takwas ta kama dala 11,200, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a kashe. Zangon farko shi ya fi tsada, domin ban da kuɗin zango akwai kuɗin sabon shiga, da kuɗin rantsarwa da ake aika wa uwar ƙungiya, da kuɗin bajen ƙirji. Cikin kuɗin zangon kansa, wani kaso na reshe ne, wani na uwar ƙungiya, wani na inshora, wani na gyaran gida da ake karɓa har daga wanda ba ya kwana a ciki. Sai waɗanda ba a rubutawa: riguna masu tambarin ƙungiya na kowane biki, da kwat na liyafar ƙarshen zango wadda wani lokaci a wani gari ake yinta da kuɗin otal, da kyaututtuka, da tara idan bai halarci taron mako ba ko ya makara wajen biya. Waɗannan ƙananan su ne ke cinye kuɗin kashewar yaro, sai ka ji waya a tsakiyar wata.

Wannan kuɗi ba ya cikin ƙiyasin da jami'a ta rubuta a takardar I-20 da aka nemi biza da ita. A mafi yawan wurare ba ya fitowa a takardar kuɗin makaranta, kamfanonin karɓar kuɗi irin su OmegaFi da Greekbill ne ke aiko da shi daban. Tallafin karatun da aka ba da don kuɗin makaranta ba ya ɗaukarsa. Idan ɗanka ya ce zai biya da kansa, ku yi lissafin tare: bizarsa ta ɗalibi, wato F-1, a shekarar farko ta yarje masa aiki a cikin jami'a kawai, kuma ba fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu. A ce yana aikin awa 10 a mako a kan dala 10, zango mai mako 15 zai ba shi dala 1,500 kafin a cire haraji. Wato guminsa na zango guda ƙungiya ce za ta cinye shi kusan duka.

Maganar gida ita ce wurin da lissafi ke iya juyawa ya zama riba, kuma ita ce wurin da ake yawan faɗawa rami. A wasu jami'o'i kwana da cin abinci a gidan ƙungiya ya fi ɗakin kwanan jami'a sauƙi. Idan haka ne, wannan ɓangaren ba sabon nauyi ba ne, kuɗin da dama za ka biya ne ya sauya aljihu. Amma ka tambayi abubuwa huɗu. Shin rubutacciyar doka ce sai ya zauna a gidan, kuma shekara nawa? Rassa da yawa suna tilasta shekara ɗaya ko biyu. Shin gidan yana rufewa a hutun Disamba da na bazara? 'Yan ƙasa gida suke tafiya, baƙo kuwa sai ya nemi wurin kwana da kuɗinsa. Shin kuɗin abinci dole ne? Mai dafa abincin gidan tukunya ɗaya yake yi wa kowa, da naman alade da wanda ba yankan Musulmi ba, ga azumi da ba sahur ba buɗa-baki, sai ɗanka ya biya abincin da ba zai ci ba ya kuma saya wani a waje. Na huɗu, idan jami'a ta dakatar da reshen a tsakiyar shekara, wa zai mayar da kuɗin haya? Yana faruwa, kuma sau da yawa amsar tana cikin ƙananan rubutun da ba a karantawa.

Kan wannan yarjejeniya zan ja kunnenka sosai. Za a iya aiko maka da takarda ta imel ka sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Da zarar ka sa, bashin ya zama naka na tsawon wa'adin, ko ya fita daga ƙungiyar ko an kore shi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Wanda ya daina zuwa taro bai fita ba a wurinsu. Sai ya rubuta takardar murabus an amince, in ba haka ba kuɗi na ci gaba da taruwa, a ƙarshe a miƙa shi ga kamfanin karɓar bashi, abin da ke iya ɓata masa suna wajen neman hayar gida ko rance a Amurka. Inshorar da ake biya kuma kada ta ruɗe ka. An tsara ta ne don ta kare ƙungiya, kuma bisa al'ada tana cire hannunta daga duk mamban da ya karya dokar giya ko ta gwale-gwale. Idan wani ya ji rauni a wurin fati aka kai ƙara, yaran da ke wurin su ke neman lauya da kuɗin iyayensu.

Gwale-gwalen kuwa ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Tsakanin karɓar gayyata da rantsarwa akwai makonni da sabon shiga yake ƙarƙashin manya, kuma a wasu rassa a nan ake hana barci, a yi ta aike cikin dare, a tilasta shan giya. A Fabrairun 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19 a jami'ar Penn State ya rasu bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa, ya faɗo daga matattakala, aka shafe kusan awa 12 ba a kira motar asibiti ba. Bayan wannan da makamantansa, gamayyar ƙungiyoyin maza ta hana giya mai ƙarfin da ya haura kashi 15 cikin ɗari a gidajensu daga Satumbar 2019. A Disambar 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana ƙungiyoyin da aka samu da wannan laifi. Doka a takarda daban, abin da ake yi a ɗakin ƙasa da ƙarfe biyun dare daban, amma ko ba komai yanzu akwai inda uba zai duba.

Ga ɗanka akwai ƙarin haɗari da abokansa 'yan ƙasa ba su da shi. Shekarun shan giya a Amurka 21 ne, kuma ko bai taɓa kurɓa ba, idan 'yan sanda suka shigo gida ana sha da waɗanda ba su kai shekara 21 ba, sunan duk wanda ke wurin ana iya rubuta shi. Ba'amurken da aka dakatar zango guda zai koma gidan iyayensa ya dawo. Mai bizar F-1 dole ne ya kasance cikin cikakken karatu, wato aƙalla kiredit 12 (ma'aunin yawan darussan da aka ɗauka) a zango ga mai digirin farko. Dakatarwa tana iya sa a rufe rajistarsa ta shige da fice, kamu da laifin tuƙi cikin maye kuma yana iya jawo soke biza tun kafin kotu ta yanke hukunci. Kuɗin shekarun da ka riga ka zuba su ne a kan faifai, ba dala 1,400 ba.

Batun addini kai da shi kuka fi kowa sanin inda kuka tsaya. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a rassa da yawa wani kaso na kuɗin zango na shirya fati ne, don haka ka nemi a nuna maka yadda ake kasafta shi. Akwai rassan da ba a shigar da giya gidansu sam, kuma gidajen manyan sororiti 26 da ke ƙarƙashin gamayya ɗaya haka dokarsu take. 

To, maganarsa ta samun hanya fa? Akwai gaskiya a ciki. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma tsofaffin mambobi suna buɗe wa na baya ƙofa. Yaron da ya baro Kano ya sauka cikin dubban baƙin fuskoki da sanyi, kaɗaici ne ke tura shi ga duk wanda ya fara yi masa fara'a, wannan ma kada a raina shi. Amma ba dukkan ƙungiyoyin ne iri ɗaya ba. Akwai na sana'a da ke ɗaukar maza da mata, kamar Theta Tau ta injiniyoyi da Alpha Kappa Psi ta masu karatun kasuwanci, dukansu tun 1904, mafi yawansu ba su da gida, kuɗinsu ma bai kai haka ba. Akwai guda tara na baƙaƙen fata, waɗanda suka faro da Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell a 1906 da Alpha Kappa Alpha a jami'ar Howard a 1908. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk mambobin Phi Beta Sigma ne. Waɗannan ba kasafai suke ɗaukar ɗan zangon farko ba, suna sa sharaɗin maki, kuma ana iya shigarsu bayan an gama digiri, lokacin da mutum ke da albashinsa. Akwai ma ta Musulmi, Alpha Lambda Mu, da aka kafa a jami'ar Texas ta Dallas a 2013, sunanta daga Alif Lam Mim, ko da yake rassanta kaɗan ne. Ga ɗalibin injiniyanci da ke neman aikin gwaji a kamfani, babban taron shekara na ƙungiyar injiniyoyi baƙaƙen fata ta NSBE, inda kamfanoni ke ganawa da ɗalibai ido da ido, ya fi kusa da abin da yake nema. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSA kuma tana nan a yawancin manyan jami'o'i.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka ce masa ya dakata zuwa zango na gaba ko shekara ta biyu. Rassan maza da yawa suna ɗaukar sababbi a zangon kaka da na bazara, wasu jami'o'i ma da kansu suke hana ɗan zangon farko shiga. Kafin nan sakamakonsa na farko ya fito. Ka sani dokar FERPA ta 1974 ta mayar da bayanan karatun ɗalibin jami'a mallakarsa, don haka sai ya cike takardar izini kafin a nuna maka makinsa. Ya aiko maka da cikakken sunan ƙungiyar da na reshen, da takardar kuɗi ta shekara guda daga ma'ajinsu, da kwafin yarjejeniyar gida. Kai kuma ka shiga shafin jami'ar ka nemi ofishin Fraternity and Sorority Life. A nan za ka ga ko jami'a ta amince da reshen, jami'o'i da yawa kuma suna wallafa matsakaicin makin kowane reshe kusa da na sauran ɗalibai maza. Sai ka duba rahoton da ake kira Campus Hazing Transparency Report, wato wanda ke bayyana ƙungiyoyin da aka samu da laifin gwale-gwale. Reshen da sunansa ba ya cikin jerin waɗanda aka amince da su, ko wanda aka dakatar amma yake ci gaba a bayan fage, a rufe maganarsa nan take.

Idan duk wannan ya fito da tsabta kuma har yanzu yana so, rabon da na ga ya fi adalci shi ne ka biya kwana da abinci daidai adadin da za ka biya a ɗakin jami'a, zango-zango, da sharaɗin makin da kuka amince a kai. Kuɗin ƙungiya da na bukukuwa ya fito daga aikinsa, ko daga tallafi da biyan kashi-kashi da uwar ƙungiya da rassa da yawa ke bayarwa ga wanda ya tambaya. Wanda ke biya da guminsa yakan gane da wuri ko abin ya kai kuɗinsa. Ka kuma gaya masa tun yanzu cewa duk daren da ya ga wani ya sume da giya ya kira lambar agajin gaggawa ta 911 ba tare da jiran izinin kowa ba. Jami'o'i da jihohi da yawa suna da dokar da ke sassauta wa wanda ya kira, kuma ya kamata ya karanta ta jami'arsa kafin ya taka ƙofar gidan.