Canjin Ruwa a Tankin Kifin Ado: Na Gishiri Ne Ya Fi Wahala?

Tambaya: Ina kiwon kifin ado a tankin gilashi mai cin lita 200 na ruwan daɗi. Ina sha'awar komawa kifin teku, amma an ce min canjin ruwansa jan aiki ne. Haka ne?

Amsa: Haka ne, Malam, sai dai wahalar ba ta ranar canji ba ce, ta haɗa ruwan ce.

Na ruwan daɗi ka riga ka saba. Duk mako ka zuƙe kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari da tiyo, kana cusa bakinsa cikin tsakuwa don ya kwashe kashin kifi da ragowar abinci. Ruwan famfon da za ka mayar ka ɗiga masa maganin cire kulorin, ɗuminsa ya zo daidai da na tankin. Shi ke nan.

Na gishiri kuwa tun jajibere ake farawa. Ruwan famfo ko na rijiya bai dace ba, domin sinadaran fosfet da naitiret da ke cikinsa su ne abincin gansakuka. Ana tace shi da na'urar RO, wadda ke cire sinadaran da suka narke a ruwa, sannan a zuba gishirin teku na musamman, ba na miya ba, kimanin giram 35 zuwa 40 a kowace lita. Ga tankinka, kashi 10 cikin ɗari duk mako biyu ya wadatar, wato lita 20, gishiri wajen giram 750. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, gishiri ya biyo baya kaɗan-kaɗan. In ka juya tsarin, kalsiyam zai daskare, ruwan ya yi fari kamar an dama alli. Ka bar ƙaramin injin tura ruwa yana juya shi ya kwana, kashegari ka auna: ma'aunin kaurin gishiri ya nuna 1.025 ko 1.026 kafin ya shiga tanki. Kada ka kuskura ka watsa gishiri kai tsaye a kan kifi ko murjani.

Inda sabbin shiga suka fi yin ɓarna shi ne wajen ciko. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya bin sa, musamman da hunturu da iska ke bushe. Abin da ya ƙafe, da tataccen ruwa zalla ake mayar da shi. Wanda ya cika da na gishiri, kaurin zai yi ta hawa ba tare da ya lura ba, sai ya ga kifi na haki. Ka yi alama a jikin gilashin, kullum ka ciko zuwa wurin.