Me ya sa ake yi wa sojoji ba-zata duk da leƙen asiri?

Malam, ka tambayi yadda ake kai wa rundunar soja harin ba-zata alhali tana da 'yan leƙen asiri da na'urorin sauraro da jirage masu ɗaukar hoto. Amsar ita ce, galibi bayanan suna isowa a kan lokaci, matsalar tana wajen masu tantance su da kwamandan da zai yanke hukunci, domin rahoton da ya saɓa wa abin da manya suka riga suka gaskata da wuya ya samu mai saurare.

Haka ta faru ranar 6 ga Oktoba, 1973, da Masar da Siriya suka auka wa Isra'ila. Sashen leƙen asirin sojan Isra'ila ƙarƙashin Janar Eli Zeira ya ga dakarun Masar suna taruwa a bakin mashigin Suwez, Sarki Husaini na Jordan ma ya gargaɗi Firaministar Isra'ila Golda Meir a ƙarshen Satumba, amma aka ce atisaye ne kawai, saboda an kafe a kan cewa Masar ba za ta shiga yaƙi ba sai ta mallaki jiragen da za su iya kai farmaki sansanonin jiragen yaƙin Isra'ila. A 1974 Kwamitin Agranat, wanda gwamnatin Isra'ila ta kafa don binciken wannan gazawa, ya ba da shawarar a sauke Zeira daga muƙaminsa.