Yadda za ka gane sassaƙen inuksuk na gaskiya

Ka tambaya ko ƙaramin inuksuk ɗin da ka saya a Kanada aikin hannun Inuit ne ko kwaikwayo. Inuit 'yan asalin arewacin Kanada ne, inuksuk kuma alama ce ta duwatsun da suke ɗorawa kan juna. Amsar ita ce ka duba ko yana ɗauke da takardar shaida mai hoton gidan ƙanƙara, wadda gwamnatin Kanada ta fara amfani da ita a 1958 kafin ta miƙa ta ga gidauniyar fasahar Inuit a 2017, sannan ka juya ƙasansa, domin masassaƙa da yawa suna zana sunansu a wurin, sau da yawa da haruffan Inuktitut, harshen Inuit.

Rashin takardar kaɗai ba hujja ba ce, domin tana iya ɓacewa a hannun dillalai, don haka ka gwada dutsen da kanka. Na taɓa sayen ɗaya a shagon tsaraba, sai daga baya na ga siririn layi a gefensa inda aka haɗa mazubin roba, kuma ba ya da sanyi da nauyin dutsen gaske a tafin hannu. Af, mai siffar mutum da hannaye a miƙe, irin na tambarin wasannin Olympics na hunturu na Vancouver na 2010, ainihin sunansa inunnguaq, ko da yake 'yan kasuwa inuksuk suke kiransa.