Yadda Za Ki Fara Sana'ar Shirya Biki a Accra

Ƙanwata, kin tambaya ta ina za ki fara sana'ar shirya biki alhali ba ki da jari mai yawa. Kada ki sayi kujeru ko rumfa tukuna, haya ake ɗauka. Jarinki na farko mutane ne: mai girki da ba ta saɓa alkawari, mai lalle, mai hoto, mai janareto saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Ki bi wata gogaggiya a unguwar Nima ko Sabon Zongo ki yi mata aiki biki biyar ko shida, ki ga yadda ake haɗa lalle, ɗaurin aure da walima.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne lokaci. A Accra sarakunan ƙabilar Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikinsu na gargajiya, Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, kuma lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi. Ki faɗa wa uwar amarya tun kafin a sa rana.

Kuɗi kuwa, ki karɓi kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ki rubuta komai, ko da bikin 'yar gwaggonki ne.