Shin da ihu 'yan wasan Girka suke isar da murya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu, kuma ni zan fito a matsayin Antigoni. Saura mako uku mu hau dandamali, amma muryata ta dushe kwana goma ke nan. Daraktanmu ya ce Girkawa da ihu suke isar da magana ga dubban mutane, don haka in ƙara ɗaga murya, in riƙa shan zuma da citta da ɗanyen ƙwai. Ina tsoron ranar wasa ta ɗauke gaba ɗaya.

Amsa: Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki dakatar da ihun daga yau. Wannan magana ta daraktanku ina jin ta kusan kullum, kuma ta lalata muryoyin matasa da yawa.

Sofokilis, marubucin Girka da ya rubuta wasan Antigoni, ya gabatar da shi a birnin Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gasar wancan zamani marubuci yana kawo wasanni huɗu ne a yini guda, kuma 'yan wasa uku kacal, dukkansu maza, su ne suke raba duk matsayin masu magana, suna sauya fuskar aro su fito sarki a wannan fitowa, mace a ta gaba, ban da 'yan amshi da ke waƙa da rawa a filin tsakiya. Mutumin da zai yi irin wannan aiki daga safiya har rana ta take, da ihu yake yi da tun wasan farko maƙogwaronsa ya gaza. Shi kansa Sofokilis, tsohon tarihin rayuwarsa ya ce ya bar fitowa a wasanninsa saboda ƙarancin murya, wanda ke nuna murya sana'a ce da ake horarwa. Aristotil kuwa, masanin falsafa na Girka, da ya tashi yabon ɗan wasa Tiyodoros, abin da ya yaba shi ne muryarsa tana fita kamar ta wanda yake kwaikwaya.

Haka kuma maganar da wasu ke yi cewa bakin fuskar aro amsa-kuwwa ne, ita ma ba ta da tushe mai ƙarfi. Wanda aka fi jingina wa zancen shi ne Aulus Geliyus, marubucin Rum da ya zo kimanin shekara 600 bayan Sofokilis, alhali zanen tukwanen zamanin Sofokilis yana nuna fuskoki masu madaidaicin baki. Ginin ma yana taimakawa. Tsohon dandalin Efidauros da ke Girka yana ɗaukar mutum kusan 14,000 a layuka 55, kuma binciken da aka yi a wata jami'ar fasaha ta Jojiya a Amurka a 2007 ya nuna kujerunsa na dutse suna rage hayaniyar iska su bar maganar ɗan wasa ta isa sama. Zauren makarantarku ba a gina shi haka ba, shi ya sa dabara ta fi zama dole a gare ki.

Sai maganar zuma da ƙwai, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. Tantanin murya yana bakin hanyar numfashi, abin da aka haɗiye kuwa ta hanyar abinci yake bi, saboda haka zuma ba ta taɓa shi, da ta taɓa da kin ƙware. Tana sanyaya maƙoshi, sai mutum ya ɗauka ya warke ya koma ihu a kan tantanin da ya kumbura. A mace tantanin nan yana haɗuwa sama da sau 200 a daƙiƙa guda, kuma idan aka ci gaba da gwara shi da ƙarfi sai ya yi kanta irin ta hannun manomi. Ɗanyen ƙwai kuwa ba abin da zai ƙara miki sai haɗarin ciwon ciki. Masu sayar da ƙullin “maganin murya” a tasha ba su taɓa leƙa maƙogwaron kowa ba, kuma daraktan da ke tura yara wurinsu maimakon ya koya musu numfashi ya ci amanar da aka ba shi.

Ki huta da magana kwana biyu ko uku, kada kuma ki koma raɗa, domin ita ma tana takura tantanin. Ki yawaita shan ruwa, ki yi surace da ruwan zafi zalla, musamman idan hunturu ne. Idan murya ta fara dawowa, kada ki shiga gwajin wasa sai kin yi ɗumi na minti 10 zuwa 15: ki sassauta wuya da kafaɗu da muƙamuƙi, ki ja numfashi har ciki ya taso kafaɗu ba su ɗaga ba, ki yi sautin “mmm” baki rufe har ki ji leɓɓa suna kaɗawa, sannan ki maimaita karangiyar ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto, a hankali, kowane harafi ya fita. Na bayan zaure da fitar haruffa yake fahimtar magana.

Idan dushewar ta kai mako uku, ko kina jin zafi lokacin magana, ki je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba tantanin da na'ura, ko da hakan zai sa wata ta karɓi matsayin Antigoni a wannan karon.