Golf 4 tana nuna lita 7.5, tanki kuwa yana ƙarewa da wuri: yaya ake saita ta?

Tambaya: Ina da Golf 4 mai shan fetur, 'yar Beljiyam. Allonta yana nuna lita 7.5 a kilomita 100, amma kuɗin da nake zubawa a gidan mai ya fi haka. Ana iya gyara lissafin?

Amsa: Ana iyawa, Malam, amma sai an auna tukuna. Kwamfutar motar da ke yin wannan lissafi ba ta leƙa tanki. Tana lissafi ne da tsawon lokacin da injekta ke buɗewa, da nisan da na'urar gudu ta ba ta. Ɗaya ya karkace, lissafi ya karkace.

Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, kada ka bari a ƙara ko ɗigo. Kwamfutar na da ma'ajiya biyu da take adana lissafin tafiya. A sandar waifa ka zaɓi ma'ajiya ta 2, ka danne maɓallin ƙasa har lambobin su goge. Ta 1 ba za ta yi ba, domin tana goge kanta idan mota ta yi awa biyu a kashe. Ka mayar da ƙaramin ma'aunin kilomita sifili, ka yi tafiyar kilomita 500 zuwa sama, sannan ka koma famfon da ka sha da farko, ka sake cika tanki har ya katse. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, don ba kowane famfo ne ke katsewa a wuri ɗaya ba. Ka kuma zaɓi gidan man da ka yarda da shi, don wasu gidajen man litarsu ba ta cika, kuma sai a ɗora wa mota laifin da ba nata ba. Gara ma ka maimaita sau uku.

A ce lita 42 ta shiga bayan kilomita 500. Shan mai na gaskiya lita 8.4 ke nan a kilomita 100. Mai gyaran lantarki zai jona VCDS, manhajar binciken kwamfutar motocin Volkswagen, ya shiga 17, wato agogon mota, ya buɗe tasha ta 03 a sashen daidaitawa, inda lambar gyaran lissafin shan mai take. Daga kamfani 100 take, kuma tana karɓar 85 zuwa 115. Lissafin shi ne 100 sau 8.4, a raba da 7.5, ya ba da 112. Ita za a saka, ko lamba mafi kusa da agogon ya karɓa, a adana, a sake aunawa.

Kafin nan a duba taya. Idan an cire 195/65 R15 an sa 205/65 R15, mota na cin nisa fiye da abin da take ƙirgawa da kusan kashi 2 cikin 100, kuma tasha ta 03 ba ta gyara wannan.

Idan bambancin da ke tsakanin allo da shan mai na gaskiya ya wuce kashi 15 cikin 100, ko kuma kwanan nan ya bayyana, ni ban yarda a taɓa lambar ba. A nemi injekta mai ɗiga, ko abin daidaita matsin mai da robarsa ta huje, ko bututun da ke yoyo. A zare siririn tiyon iska da ke jikin abin matsin: in ya jiƙe da fetur, an gano ɓarawon, a canza shi kafin a koma kan kwamfuta.