Tambaya da Amsa: Mene Ne Ma'anar "Saving Grace"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kai wa malaminmu na jami'a wani rubutu, sai ya dawo mini da shi ya yi masa jan biro ko'ina, a ƙasa kuma ya rubuta: "Its saving grace is the conclusion." Yabo ne wannan ko kushe? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, ai duka biyun ne, sai dai kushen ya fi yabon nauyi. Turawa suna cewa "saving grace" idan abu ko mutum ya cika aibu, amma akwai wani hali guda mai kyau da ya hana a yi watsi da shi gaba ɗaya. Bahaushe zai ce wannan halin ne ya rufa masa asiri. Abin da malaminki yake nufi shi ne rubutun yana da rauni, amma yadda kika kammala shi ya cece shi daga faɗuwa.

Asalin maganar daga addinin Kirista take, inda "grace" take nufin alherin Ubangiji, "saving" kuma mai ceto, wato alherin da yake ceton ran mai zunubi, kamar yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki (Baibul), cikin Afisawa 2:8. Da tafiya ta yi tafiya sai maganar ta fita daga coci ta shiga bakin kowa, har yau ana amfani da ita a kan fim, ko gida, ko ɗan siyasa, ba tare da mai faɗa ya tuna da addini ba.

Galibi za ki ji an haɗa ta da "only" ko "one", misali "His only saving grace is his honesty", ma'ana gaskiyarsa ce kaɗai abin a yaba. A nan ne masu koyon Turanci suke yawan tuntuɓe, domin wasu sukan ɗauke ta kalmar girmamawa ce tsantsa, su faɗa wa wanda suke son yabawa, alhali kuwa sun gaya masa ne a fakaice cewa sauran halayensa ba na kirki ba ne. Ni dai ba zan ba ki shawarar ki rubuta ta a takardar taya murna ba.

Kada kuma ki haɗa ta da "silver lining", wadda take magana a kan alherin da ya ɓullo daga cikin wata masifa da ta auku. "Redeeming feature" ce ta fi kusa da ita, har kina iya musanya ɗaya da ɗaya a jimlar malamin naki.